Sukuwar Doki, Gudun Jaki

Ga ta nan, ga ta nanku.
Ta zo mu saurara.

Wata rana wuta ta kama gonar Zaki, Doki da Jaki suna kiwo a gefenta. Suka zura kafaɗa da kafaɗa don su kai labari. Da isarsu aka gurfanar da Jaki gaban Dila, alƙalin daji, wai shi ya cinna wutar.

Kura ta ba da shaida: "Allah ya gafarta malam, Doki sukuwa na ga yana yi. Wannan kuwa gudu yake. Me zai sa shi gudu in ba shi da laifi?"

Jaki ya yi jim, domin ya san ƙura ɗaya suka tayar. Ya ce, "Malam, mene ne bambancin sukuwa da gudu?"

Dila ya ce, "Bambancin ba a ƙafa yake ba. Ina sirdinka?"

Jaki ya juya. "Yaya Doki, faɗa musu tare muka taso."

Doki ya kau da kai.

Aka yi wa Jaki bulala. Shi ya sa har yau, ko sanda za ta karye a bayansa, jaki ba ya wuce sassarfa.

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera.