Gafiya da Rijiyar Zaki

Ga ta nan, ga ta nanku, ku gyara zama.

Ta zo mu ji ta, kunnenmu na wurinki.

Wata shekara aka yi fari a daji. Tafki ya ja baya, ya ja baya, sai taɓo ya rage. Zaki ya tara namun daji, ya ce a haƙa rijiya kafin taɓon ya bushe, in ba haka ba ƙishirwa ta gama da kowa. Gafiya aka tura cikin rami, don ita ta iya tono. Ba mai kiran sunanta, sai dai a ce, "Ke ta ƙasa!"

Aka naɗa Kura shugabar aiki. Ta zo da bulala, ta ce, "Wanda ya ɗaga kai, shi ne kalacina." In Kura na kallo, kowa na aiki. In ta juya baya, sai su riƙa buga fartanya a dutse don ta ji ƙara. Kwana uku, Zomo ya gudu, Barewa ta gudu, rijiya iya gwiwa. Zaki ya kori Kura.

Aka naɗa Dila, malamin daji. Ya ce, "Duka ba ya aiki, ciki ke aiki. Duk wanda ya kawo kwandon ƙasa gabana, ƙuli-ƙuli ɗaya." Kai, sai ga aiki! To, Biri ya lura ƙasar suri ta fi ta rami sauƙin ɗiba. Ya ɗebo, aka ba shi. Kowa ya gani, kowa ya nufi suri. Gafiya kuwa tana ƙasa tana tono ita kaɗai, kuma da yake ba ta ɗaukar kwando, ko ɓarɓashi ba ta samu ba. Kwana uku, ƙasa ta yi tsauni gaban Dila. Zaki ya ga tsauni, ya yi murna. Ya leƙa rami, rijiya iya ƙugu. Ya kori Dila.

Zaki ya ce, "Saura wa? Amma kwana uku in babu ruwa, a bakin ransa." Kowa ya sunkuyar da kai ƙasa. A ƙasa kuwa wa za su gani? Gafiya. Aka ce ita ce.

Ga Gafiya ta zama shugabar aiki. Ba ta da bulala, ba ta da ƙuli-ƙuli.

Rana ta farko ta fito ta ce, "Baba Jaki, me ka fi iyawa?"

Jaki ya ce, "Ni? Tunda nake ba a taɓa tambayata ba. Ja na iya."

"To, igiya taka ce. Yaya Biri fa?"

"Hawa da sauka."

"Kwando naka ne. Inna Giwa, duwatsun nan sun fi ƙarfin kowa sai ke."

Ta koma rami, ta ci gaba da tono.

Rana ta biyu ta fito da ƙasa a tafin hannu, ta bi su ɗaya bayan ɗaya. "Shinshina." Jaki ya shinshina, ya ce, "Danshi!" Biri ya ce, "Danshi!" Labari ya kai ga Zomo da Barewa, suka dawo ba wanda ya kira su.

Rana ta uku, da hantsi, ruwa ya ɓulɓulo.

Zaki ya zo shan ruwa, ya miƙa harshe, ruwa na can ƙasa. Ya daka tsawa a jawo masa. Jaki ya gaji, bai motsa ba. Zaki ya ce zai ba shi rabin daji. Jaki ya kaɗa kunne kawai.

Gafiya ta matso ta rusuna. "Ranka ya daɗe, ka ce masa sannu da aiki."

Zaki bai taɓa faɗin haka ba. Ƙishirwa ta matsa, ya yi gyaran murya, ya ce, "Jaki, sannu da aiki."

Jaki ya ce, "Yauwa," ya ja guga.

Tsoro na sa a yi aikin ganin ido, lada na sa a nemi suri. Wanda aka san iyawarsa, aka ga wahalarsa, shi ke fid da ruwa.

Ƙurunƙus kan ɓera. Ba don Gizo ba da na yi ƙarya, dā ma ƙaryar ce na shirga muku.