Yarinyar da Ta Ɓoye Hannuwanta

Akwai wani manomi wanda ƙodar 'yarsa Rifkatu ta lalace. Matarsa ta ba da tata ɗaya, likitoci suka dasa wa yarinyar. Suka ba uban magani, suka ce, "Ta sha kullum. In ta daina, jikinta zai ɗauki ƙodar nan baƙuwa, ya yaƙe ta har ƙodar ta mutu."

Yarinya ta murmure, gida ya cika da murna. Bayan 'yan watanni sai hannuwanta suka fara rawa, kanta yana sara. Ba ta gaya wa kowa ba, gama tana tsoro kada uwarta ta zaci ƙodarta ce ba ta da kyau. Sai ta riƙa cusa hannuwan cikin zane.

Wata rana uban ya dawo daga gona, ta durƙusa ta miƙa masa ruwa da hannu biyu, yadda aka koya mata. Kafin ya karɓa, rabin ruwan ya zube. Ya tambaye ta, ta fashe da kuka.

Gidan mara lafiya kuwa ba ya rasa masu shawara. Mahaifiyar manomin ta ce, "Maganin nan ne. A zubar da shi yarinya ta huta!"

Ya ce, "Inna, wataƙila shi ne. Amma ba ni na auna shi ba, ba ni zan zubar ba. Wurin wanda ya ba mu za mu koma."

Ya bar gonarsa ciyawa tana ci a tsakiyar damina, ya kai ta asibiti. Likita ya gwada jininta, ya ga maganin ya taru har yana taɓa ƙwaƙwalwa. Ya ce da an yi shiru, da ta kai ga farfaɗiya; da an zubar, da ƙodar ta tafi. Ya rage awon, rawar hannun ta lafa.

Ga ma'anar misalin nan, 'yan'uwa. Ƙodar ita ce sabon rai da Almasihu ya ba mu daga jikinsa. Maganin shi ne biyayya ta kowace rana, wani lokaci tana girgiza mutum ƙwarai. Waɗansunmu suna ɓoye wahalarsu don kada a ce bangaskiyarsu ta gaza, waɗansu kuma suna watsar da hanyar ɗungum. Dukansu suna ba ni tausayi. Kada ka ɓoye, kada kuma ka daina. Ka tashi yau, ka faɗa wa Ubangiji da 'yan'uwanka inda ke maka ciwo, tun ana iya taimakonka.