Gonar Kifi ta Tungar Barmo

Dalilin da ya sa ake kiran filin nan na bayan gari Gonar Kifi, alhali ko kwaɗo ba ya zama cikinsa, ku matso ku ji.

A da, Barmo maƙeri da Cindo marini sun yi rigima kan filin. Kowa ya ce kakanninsa na nan tun da aka shimfiɗa ƙasa. Da abin ya kai ga zare wuƙa, dagaci ya yanke hukunci: a haƙa rami, wanda aka tarar da alamar kakanninsa can ƙasa da ta ɗan'uwansa, fili nasa ne, ɗayan ya kwashe iyalinsa ya bar gari.

Barmo ya yarda, amma yana tsoron hukuncin, don uwarsa tsohuwa ce, ba za ta iya tafiya ba.

Aka fara haƙa. Aka tarar da bakin tsohuwar karofi, shuni ya rine ta. Cindo ya yi kabbara. Aka ci gaba, sai ga kashin ƙarfe na tsohuwar maƙera. Barmo ya sauke ajiyar zuciya.

"A ƙara nitsawa," in ji Cindo. "Namu na ƙasa."

Barmo ya shiga ramin da kansa. Ya dinga sara har ya kai wani farin dutse. Ya buga, dutsen ya tsage biyu. Sai diga ta faɗi daga hannunsa.

"Me ka gani?" dagaci ya leƙo.

Kifi ne kwance cikin dutsen, ya zama dutse shi ma, ƙaya-ƙayarsa a jere, ga katantanwa kewaye da shi. Nan kuwa sai an yi tafiyar kwanaki kafin a ga kogi.

Aka fito da shi. Mata suka ja yara baya, ana ta salati. Dagaci ya aika aka zo da wani tsohon masunci. Masuncin ya shafa haƙoran kifin, ya duba, ya sake dubawa.

"Ranka ya daɗe, duk kifin da ke ruwa na san sunansa. Wannan babu irinsa yanzu. Ya yi kama da su, amma ba su ba ne."

"To ina irinsa suka tafi?" in ji dagaci.

"Ko sun ƙare, ko jikokinsu sun sake kama."

Barmo ya dubi busasshiyar ƙasar da ya rantse ba ta taɓa canzawa ba. Ashe ruwa ya taɓa rufe ta.

"Malam Cindo," ya ce a hankali, "ashe duk baƙi ne mu."

Zama kawai Cindo ya yi a bakin ramin.

Dagaci ya ce hukunci ba ya tashi: na can ƙasa shi ne mai fili, wato kifin. Ba wanda ya bar gari.

Shi ya sa har yau maƙera da marina ke noma filin nan tare, kuma in baƙo ya tambayi mai shi, sai a nuna masa ƙasa.