Rigar Sanyin da Inna Ta Saƙa Sau Biyu

Akwai wata dattijuwa da kowa a layinsu ke kira Inna Mai Saƙa. Shekara arba'in ba a raba hannunta da kwarashi da zare ba. Hulunan jarirai, safa, rigunan sanyi, duk gidan da ka shiga a layin nan sai ka ga aikinta a jikin wani. Tana saƙa tana hira, tana saƙa tana faɗa, ko kallon zaren ba ta yi.

Ana tsakiyar damina ciwon shanyewar ɓarin jiki ya same ta. Allah ya taƙaita, baki ya dawo daidai, ƙafa ta soma takawa da sanda, amma hannun dama ya ƙi. Yatsun suka lanƙwashe, ko cokali sai an riƙe mata.

Da aka sallame ta daga asibiti, autarta ta kawo ta gidanta. Auta malamar firamare ce, mijinta kuma direba ne, yana jan motar ma'aikatan wani kamfani, kullum da sassafe yake fita. Suka gyara wa Inna ɗakin da tagarsa ke kallon bishiyar tsakar gida.

Ma'aikaciyar asibitin da ke zuwa yi mata gashin hannu ba ta ɓoye musu komai ba.

"Nawa aikin na rabin awa ne, sau biyu a mako," in ji ta. "Sauran nata ne. In ba ta motsa yatsun nan kullum ba, nan da wata uku za su sandare, kuma ba lalle su sake buɗewa ba. Me ta fi son yi da hannunta?"

Auta da mijinta suka haɗa baki: "Saƙa."

Washegari sai ga Direba da zaren ulu ruwan toka cike da leda. Ya durƙusa daga bakin ƙofa, ya gaishe ta.

"Inna, sanyi na tafe, ni kuwa sammako nake yi. Rigar da kika yi mini ta mutu a gwiwar hannu. A taimaka mini da wata."

Inna ta dubi hannunta, ta dube shi. "Da wane hannun, ɗan nan?"

"Da wannan dai. Ai ba gaggawa nake ba."

Ta yi tsaki ta kau da kai. Amma ba ta ce a fitar da ledar ba.

Ruwan sama yana ɗaukewa, kaka tana shigowa, Inna ta ɗauki kwarashi. Wanda ya san ta a da, in ya ga yadda take fama sai ya ji ƙwalla. Layin saƙar da a da take gamawa kafin shayi ya huce, yanzu sai ya ci mata awa guda. Kwarashin ya suɓuce, ta jawo shi da sanda. Zaren ya zame, ta zage shi tas, ta sake kamawa. Daga safe zuwa azahar layi uku take yi, su ma a karkace, ga ramuka nan da can.

Duk da haka gidan ya farfaɗo. Inna ta ce a buɗe mata taga, ta ce a kunna rediyo. Har faɗa ta dawo da shi, wai Auta ba ta iya shanya ba, tana miƙar da wuyan riguna. Direba ya ce wa matarsa, "Tunda aka soma yi mana faɗa, sauƙi ya samu."

To, malaman makaranta ku yi mini afuwa, amma kun san halinku. Auta irin malaman nan ce da ko allon shago ta gani da kuskuren rubutu sai ta tsaya ta yi tsaki. Jan biro har a jakar zuwa biki ba ta rabuwa da shi.

Wata rana ta dawo daga makaranta ta tarar Inna ta yi barcin rana, saƙar tana kan kujera. Ta ɗaga ta duba. Zuciyarta ta karye. Wannan ce saƙar matar da ake layi a ƙofarta? Ta ce a ranta, in Inna ta tsaya ta dubi ramukan nan da kyau, kuka za ta yi. In kuwa baƙi suka gani, za su fita suna cewa Mai Saƙa ta ƙare.

Sai ta zauna a hankali, ta warware layi ukun nan, ta sake saƙa su. Cikin minti goma sha biyar ta gama, sumul, ta ajiye yadda ta tarar.

Haka ta yi washegari, haka ta yi jibi, har abin ya zame mata jiki. Da yamma kuma ta ɗaga rigar ta ce, "Kai Inna, ya yi kyau! Hannu ya dawo!" Direba bai san komai ba, shi ma ya taya ta yabo. Inna takan dubi saƙar ta daɗe tana shafa ta.

Bayan kamar mako uku, wata tsohuwar ƙawar Inna ta zo dubiya. Auta ta yi maza ta ɗauko rigar, saƙar har ta kai ƙirji.

"Goggo, dubi aikin ƙawarki."

Baƙuwar ta riƙe baki. "Ikon Allah! Ke kam kamar ba ki yi ciwo ba. Ko rami ɗaya babu!"

Inna ta yi ɗan murmushi ta ce, "A gaida mai aikin."

Baƙuwa na fita, Inna ta cusa rigar da kwarashin cikin leda, ta tura ƙarƙashin gado da sandarta. Daga ranar ba ta sake taɓa su ba.

Ganyen bishiyar tsakar gida ya soma yin rawaya yana zuba. Rana ta riƙa faɗuwa da wuri, safiya ta soma sanyi. Inna ta ce a rufe tagar, iska na damunta. Ta ce a kashe rediyon, surutu ya yi yawa. Faɗan ma ta daina. Sai ta wuni a kwance tana kallon bango, hannun a ɓoye cikin zane.

Direba ya ce ko sauyin yanayi ne, tsofaffi ba sa son shigowar sanyi. Auta ta sayo zare mai launi, ta sayo sabon kwarashi mai kauri, duk a banza. Da mai gashin hannun ta zo ta kama yatsun, sai ta ɗago ta dubi Auta.

"Hannun nan baya yake yi. Me ya faru?"

Auta ta ce ba ta sani ba. Kuma har ga Allah ba ta sani ba, don a ganinta alheri ta yi. An ce garin neman gira akan rasa ido.

Ranar Asabar da hantsi ta jawo ledar daga ƙarƙashin gado, ta zauna a ƙasa kusa da uwarta.

"Inna, don Allah. Saura kaɗan fa, kafaɗa da hannuwa kawai."

Inna ba ta juyo ba. "To ki ƙarasa mana."

"Ni kuma? Ai aikinki ne."

Sai Inna ta yunƙura ta tashi zaune.

"Auta, ni na koya miki saƙa kina 'yar shekara tara. Tun a lokacin kike jan zare kamar mai ɗaure akuya. Kina tsammani ba zan gane hannunki ba? Ranar farko na ce ko idona ne. Sai na bar rami da gangan a bakin layi. Na tashi daga barci na tarar babu shi."

Auta ta sunkuyar da kai.

"Kullum in sha gumi tun safe, in kwanta, in tashi in tarar ko sawuna babu. Sannan ku taru kuna ce mini ya yi kyau, kamar ana lallashin mai koyon tafiya. Hannuna ne ya shanye, 'yar nan, ba hankalina ba."

Hawaye ya zubo wa Auta. "Wallahi Inna, ban so ki ga ramukan ki karaya ba ne."

"Ramukan ai nawa ne. Da su zan gane ko yau ta fi jiya. Kin share su, da me zan auna? Ciwo ya karɓe mini hannu, ɗan abin da ya rage yana yi kuma ke kin karɓe."

Auta ta ce, "Ki yafe mini. Me zan yi yanzu?"

"Warware."

"Duka?"

"Duk inda hannunki ya taɓa."

Babu inda hannunta bai taɓa ba. Haka Auta ta zauna tana jan zare tana kuka, Inna tana naɗewa da hannun hagu, har rigar ta koma dunƙule. Direba ya shigo gaisuwa ya tarar da abin da ake yi, ya tsaya baki buɗe.

"Inna, sanyin fa ya kusa."

"Sai ka yafa bargo ka ja motar," in ji Inna. Rabon da a ji ta yi wa wani gatse an fi mako biyu.

Aka koma farko, amma da sharaɗi. Ledar saƙa a ƙarƙashin matashin Inna take kwana, a can take barcin rana. Auta kuwa ta ga jarrabawa. Tana zaune tana duba littattafan 'yan ajinta, idonta na satar kallon saƙar, yatsunta na ƙaiƙayi.

"Malama, idonki a kan littafinki," Inna za ta ce, ko ɗagowa ba ta yi ba.

Makon farko yatsun sun yi tauri, da ƙyar ta yi layi biyu a wuni, ramuka goma sha ɗaya. Ita da kanta take ƙirga su da ƙarfi. Mako na biyu suka koma bakwai. Akwai ranar da suka koma tara, ta yi jifa da kwarashin, ta ƙi cin abinci. Auta ta ɗauko shi ta ajiye mata a gefe, ta koma kan littattafanta. Da la'asar Inna ta ɗauka da kanta.

Sanyi ya soma shiga jiki sosai. Direba yana fita da tsohuwar rigarsa mai huji, yana dawowa da mura. Auta ta ce ya sayi wata a kasuwa kafin Inna ta gama.

Ya girgiza kai. "In ta gan ni da sabuwa, wa za ta yi wa sauri?"

Ranar da ganyen ƙarshe ya bar bishiyar, Inna ta yanke zare ta ɗaure. Ta sa aka kira mata su biyun. Direba ya zura rigar ya tsaya a tsakar ɗaki. Hannun rigar na hagu ya rufe masa yatsu, na dama bai kai wuyan hannu ba. Ya buɗe baki zai yi yabo, Inna ta ɗaga masa sanda.

"Kai yi shiru, kai mai kunya ne. Malama, maki nawa?"

Auta ta zagaya mijinta sau ɗaya.

"Inna, mummuna ce. Hannu ɗaya ya fi ɗaya, wuyan ya karkace, ƙasan kamar ɓera ya yi kwana uku a ciki. Amma daga ƙirji zuwa kafaɗa na duba, babu rami ko ɗaya. Huɗu bisa goma."

Inna ta dube ta, sai ta fashe da dariya, irin wadda ba a ji ba tun kafin ciwon. Ta yi dariya har hawaye ya zubo mata.

"Alhamdulillahi! Yau an gaya mini gaskiya a gidan nan. Huɗun nan tawa ce, ba wanda ya ba ni aro."

Ta sa hannu ta share hawayen. Auta da mijinta suka dubi juna, don da hannun dama ta share, yatsun a buɗe.

Darasi: Ba kowane gyara ne taimako ba. Wanda ke fama ya tashi da ƙafarsa, kada ka karɓe masa aikinsa don tausayi, kuma kada ka rufe shi da yabon ƙarya. Ka zauna kusa da shi, ka yi haƙuri da karkataccen aikinsa, ka gaya masa gaskiya cikin ƙauna. Idan kun san wani da ke jinyar uwa, uba ko ɗan'uwa a gida, ku tura masa wannan labari, wataƙila yau ya bar wa majinyacinsa kwarashinsa.