Manomin da Bai San Gonarsa da Safe Ba

Akwai wani manomi da yake da gonar gero a bayan gari, da ɗan nisa. Wata shekara ya yi shuka da ruwan farko, tsiro ya fito da kyau, ya yi noman farko. Da geron ya kai gwiwa, sai ruwa ya ɗauke.

A cikin kwanakin nan kuma matarsa ta kwanta da doguwar jinya. 'Ya'yansu sun yi aure, suna nesa, saboda haka aikin safe duk ya koma kansa. Rijiyar unguwa ta ja baya, sai ya bi layi kafin ya cika tulu. Ya dawo ya hura wuta, ya dama mata kunu, ya ɗauke ta a keke zuwa ɗakin shan magani, ya jira, ya komo da ita. Kafin ya saɓa fartanya ya isa gona, rana ta yi tsaka.

Abin da yake tararwa kullum ɗaya ne. Ganyen gero ya nannaɗe kamar igiya, ya yi toka-toka, ya sunkuya. Ƙasa tana ƙona ƙafa, sama kuwa fes, ko ɗan gajimare babu. Idonsa bai yi masa ƙarya ba, haka gonar take a wannan lokaci. Da farko yakan shiga ya cire ciyawa. Daga baya sai ya tsaya a bakin shinge kawai, ya duba, ya juya.

In matarsa ta ce, "Maigida, yaya gona?" sai ya ce, "Sha kununki, zai huce." Har ta daina tambaya.

Wata rana yana tsaye a wurin, sai ga wani makiyayi da yake kiwo a wannan yanki.

Makiyayin ya ce, "Sannu da rana, mai gona. Na ga fartanyar nan a kafaɗa take zuwa, a kafaɗa take komawa."

Manomin ya ce, "Me zan nome? Gero ya mutu."

Makiyayin ya dubi gonar. Ya dogara da sandarsa ya ce, "To, bar wa shanuna shi. In ba ka akuya ɗaya, in riƙa aiko wa mai jiki nono har ta tashi."

Wannan gona ita ce abincin gidan na shekara. Amma manomin ya ga abin da ya riga ya mutu ba a jin ciwon rabuwa da shi. Ya ce, "Na yarda. In buɗe maka yanzu?"

"A'a, shanu suna kwance a inuwa. Gobe da sassafe nake fitowa da su. Ka zo ka buɗe shingen da hannunka, kada jibi a ce na yi ɓarna."

Da yamma manomin ya roƙi wata maƙwabciya ta ɗebo musu ruwa, ta zauna da matarsa. Tun da jinyar ta fara bai taɓa roƙon kowa ba. Gari na wayewa ya ɗauki gwafa ta jan ƙayar shinge, ya kama hanya.

Sai da ya wuce gonar da kaɗan, yana tsammani ta wani ce, kafin ya ga kukar da take kan iyaka ya gane. Ya komo. Ganyen duk ya buɗe, kore shar, ya miƙe tsaye, raɓa tana ɗiga daga bakinsa. Ya tsallake shinge, ya tsuguna, ya tona gindin ɗaya da yatsa. Saiwar fara ce, ta bi ƙasa ta nutse inda sauran danshi yake.

Yana nan tsugune shanu suka iso.

Makiyayin ya ce, "Mai gona, ka yi sammako. Buɗe mana."

"Dā ma ka san haka take da safe?"

"Kullum ta nan nake bi. In ya mutu, me zan kawo shanuna su ci? Ƙasa?"

"Ba ka faɗa mini ba."

"Kai ka ce ya mutu. Ni ba na gardama da mutum a kan gonarsa."

Manomin ya miƙe, ya kaɗe hannu. Ya ce, "Ka yi haƙuri, na fasa. In Allah ya kai mu kaka, karan naka ne."

Makiyayin ya yi dariya ya ce, "Tun da na hango ka a tsugune na san akuyata ta tsira." Ya juya kan shanunsa.

Ran nan ba a yi ruwa ba. Da rana ta yi tsaka geron ya sāke naɗewa kamar jiya, amma manomin yana cikinsa yana noma. Ruwan ya dawo a makare. Rumbu bai cika ba, duk da haka abin da aka girbe ya kai su wata shuka.

Ma'anar wannan misali ita ce: gonar rayuwarka ce, tsakar rana kuwa wahalar da kake ciki. Jinya, rashin aiki, ɗan da ya bar hanya, duk da gaske suke, kuma Allah bai ce ka yi kamar ba ka gan su ba. Kuskuren manomin shi ne, ya ɗauki lokacin da wahala ta bar masa ya duba gonarsa, ya mai da shi dukan gaskiya. Gero yana naɗe ganye ne don ya tsare ɗan ruwan da ya rage a jikinsa. Mai rai ne yake yin haka.

A irin wannan lokaci ne mutum yakan yi cinikin da ba a fasawa. Ya bar aurensa, ya bar sujada, ya bar addu'a, wani ma ya yi tunanin barin ransa, duk a kan abin da ya gani da tsakar rana. Kada ka yanke shawara a wannan sa'a. Nemi ɗan'uwa a cikin ikkilisiya ya ɗauke maka tulu na safiya ɗaya, ka zo gaban Ubangiji da addu'a da Maganarsa, ka sāke duban abin nan da ka ce ya mutu.

Ku tuna da matan da suka tafi kabarin Yesu da sassafe. Su ma ba bege ne ya fito da su ba. Kayan shafa wa gawa suke ɗauke da su, domin abin da suka gani a kan gicciye ya ishe su shaida. Suka isa, suka tarar ya tashi. Bangaskiyarmu a kan wannan safiya take tsaye. Kai ma ka zo, ko da ka zo ne don ka sallama kome. Almasihu yana da rai, kuma ya riga ka isa wurin.