Kifayen Sarki da Mashin Madawaki

A wani zamani da ya shuɗe tun kakannin kakanninmu ba su san hannun damansu ba, an yi wani sarki mai suna Sambo. Wata shekara fatake daga gabas suka kawo masa gaisuwar wasu 'yan kifaye a cikin randa, jajaye masu ruwan zinariya, waɗanda ba a taɓa ganin irinsu a ƙasar ba. Sarki ya sa aka haƙa musu ɗan tafki a lambunsa, aka dasa bado a ciki. Son kifayen nan ya kai shi har ya mai da zaman fada bakin tafkin. Yana zaune a gefen yamma, fadawa su zo ta gefen gabas da hantsi, su durƙusa a bakin ruwa su yi gaisuwa.

Ba a daɗe ba Sarki ya lura da wani abu. Duk wanda ya durƙusa, kifaye kan matso kusa da shi. In Shamaki Cindo, mai kula da dawakin Sarki, ya zo, har rige-rige suke yi. Amma da Madawaki Tunau, shugaban mayaƙa, ya iso, sai su watse su shige ƙarƙashin bado kamar an jefa dutse.

Shamaki ya daɗe yana ƙyashin Madawaki, don haka ya ga tsuntsu daga sama gasasshe. Ya ce, "Allah ya ba ka nasara, dabba ba ta san fadanci ba. Abin da ke cikin zuciya take gani. Ni dai ban ce komai ba."

Maganar ta shiga Sarki. Ran nan ya yanke hukunci, ya ce, "Wanda kifina ya ƙi, ban yarda da cikinsa ba. Bayan Juma'a Madawaki zai ajiye mashi da rawani, ya bar mini ƙasata."

Waziri Nomau yana gefe yana sauraro. Ya san Sarki in ya hau, ba a tare shi ta gaba. Ya kuma san Madawaki tun suna yara, mutum ne dogo, mai kaushin baki, wanda bai iya ƙarya ba ko ta wasa.

Da aka tashi, Waziri ya tarar da Madawaki a zaure yana huci. Madawaki ya ce, "Waziri, ka ji fa! Tabon kibiya nawa ne a jikin nan? Yau kifi ne zai ba da shaida a kaina, kifin da ko miya ba zai ishe ta ba!"

Waziri ya yi murmushi ya ce, "Rage murya, dogo. Da ni kifi ne, ni ma in na hango ka sai in nutse."

"Wasa ma kake yi?"

"Tunani nake yi. Ka je gida, kada ka ce wa kowa komai."

Tun daga ranar, Waziri ya riƙa sammako zuwa lambu kafin fada ta cika. Ya sami gindin lemo ya zauna, ya zuba wa ruwa ido. Da farko bai ga komai ba sai kifaye suna yawo. Da ya yi haƙuri, sai ya fara gane halinsu. In ya matso a hankali ya tsuguna, sai su taso suna buɗe baki, su a zatonsu abinci ya zo. In ya miƙe da sauri, sai su tarwatse. Wata safiya zalɓe ya sauka a kan katanga, ya miƙa dogon wuyansa, inuwarsa ta faɗa kan ruwa. Kafin ƙiftawar ido babu kifi ko ɗaya a fili.

Waziri ya dafa haɓa ya ce, "Ashe!"

Domin kuwa a ƙasar nan akwai al'ada tun ta kaka da kakanni. Kowa durƙusawa yake yi gaban Sarki, ban da Madawaki. Shi mai riƙe da mashin ƙasa ba ya kai gwiwa ƙasa. A tsaye yake gaisuwa, ya ɗaga mashi sama ya yi jinjina. Ga tsawo, ga mashi, ga ranar hantsi a bayansa. Wace inuwa ce za ta fi wannan kama da ta zalɓe?

Da fada ta cika kuma, Waziri ya bar kallon kifi ya koma kallon mutane. Nan ya ga yadda Shamaki ke sakin hannun rigarsa har bakin ruwa in ya durƙusa, yana ɗan girgiza shi.

Saura yadda za a gaya wa Sarki. Ka san sarauta, ba a ce mata ta yi kuskure a bainar jama'a. Sai Waziri ya je ya ce, "Ranka ya daɗe, hukuncinka ya zauna. Alfarma ɗaya nake roƙo. Tun da kifaye ne shaidu, a karɓi mashin a gabansu, bayan la'asar, lokacin da kowa ya sami sarari."

Sarki ya ce, "Wannan daidai ne."

Ranar ta zo, lambu ya cika. Rana ta karkata yamma, ta koma bayan Sarki. Madawaki ya zagayo ya miƙa mashi, fuskar nan tasa kamar hadari. Al'ada kuwa ita ce, in mashin ƙasa ya dawo hannun Sarki, sai ya miƙe tsaye ya ɗaga shi jama'a su gani. Sarki, wanda kullum a zaune kifayensa suka san shi, ya miƙe, ya ɗaga mashi. Inuwarsa ta ratsa tafkin tun daga wannan gefe har wancan.

Fyat! Kifaye suka watse, kowanne ya nemi ganyen bado.

Wani bafade da ya buɗe baki zai yi kirari ya haɗiye abinsa. Madawaki kuwa, tun da ya zama talaka, ya koma gefen gabas ya durƙusa kamar kowa, karo na farko tun da aka naɗa shi. Ya sunkuyar da kai, bai motsa ba. Can sai ga jan kifi ɗaya ya leƙo, wani ya biyo shi, har suka taru a gabansa suna buɗe baki.

Sarki ya dubi ruwa, ya dubi mashin da ke hannunsa, ya ce, "Waziri, me nake gani?"

Waziri ya ce, "Allah ya ja zamaninka, shaidunka ne suka sake magana. Ko dai Zaki yana ƙulla wa kansa makirci, ko kuwa kifi bai san zuciya ba. Abu biyu na ga ya sani: inuwar da ke tsaye a kansa, wadda yake ɗauka ta zalɓe ce, da mai tsugunawa, wanda yake sa ran zai ba shi abinci."

"To, Shamaki fa, da suke rububinsa?"

"Wannan sai hannun rigarsa ya ba da amsa."

Sarki ya ɗaga gira. Dogarai suka kama hannun rigar Shamaki suka kakkaɓe, sai ga tsakin gero yana zuba kamar ana shiƙa. Kifaye suka yo kansa a guje. Dariyar da aka danne ta ɓalle, har Sarki ya juya kai yana gyara amawali.

Shamaki ya faɗi yana cewa, "Tuba nake, Zaki! Tausayinsu kawai nake ji!"

Sarki ya ce, "Madalla da mai tausayi. Daga yau ka bar barga. Kai ne mai ba su abinci, kai ne mai yashe tafkin nan in ya yi laka, har sai na ga dama."

Sa'an nan ya taka da ƙafarsa, ya zagaya tafkin har inda Madawaki yake durƙushe. Ya ce, "Tunau, na saurari kifi na bar mutumin da ya tare mini kibiya. Tashi, gwiwarka ba ta saba ba. Karɓi mashinka."

Madawaki ya miƙe, ya karɓa da hannu biyu. Sai ya ja da baya, ya ɗaga mashi sama, ya yi jinjina irin wadda bai taɓa yi ba. Kifaye suka sake tarwatsewa, babu wanda ya ko dube su.

Haka ƙasa ta zauna lafiya, Madawaki da rawaninsa, Shamaki da lakarsa. Nan hikayar ta tsaya.