Saurayin da Ya Iya Gaisuwa Bakwai

Akwai wani saurayi mai suna Habila, wanda ya gama jami'a a fannin kwamfuta. Kansa yana ja, ba laifi. Ciwonsa ɗaya ne, bai yarda da kowa ba. Ko ruwa ka miƙa masa sai ya leƙa cikin kofin.

Ana nan sai wani kamfani ya yi shela zai ɗauki mutum ɗaya aiki bayan wata shida, ta hanyar jarrabawa. Habila yana son aikin nan ƙwarai, gama ya gaji da zaman gidan yayarsa. Amma harsunan da ake ba kwamfuta umarni da su suna da yawa, kowanne kuwa sai an daɗe a kansa kafin a ƙware. Ya rasa wanda zai kama.

Ya tafi wurin tsohon malaminsa. Malam ya ce, "Ɗana, kama harshen Python, ka riƙe shi gam." Habila ya yi godiya, amma a hanya ya ce a ransa, "Uhm! Ba ƙanen matarsa ma yana neman aikin nan ba? So yake ya tura ni daji."

Ya tambayi Damaris, abokiyar karatunsa. Ta ce, "Ni dai Java na kama, shi zan bi har ƙarshe. Zo mu riƙa yi tare mana." Ya dube ta a kaikaice. Da sauƙi haka ta faɗa? Lalle akwai wani harshen da take koya a ɓoye! Sai ya ƙudura zai koyi duka, kada kowa ya yi masa wayo.

To, al'adar masu sana'ar nan ce, darasin fari a kowane harshe shi ne ka sa kwamfuta ta rubuta gaisuwa: "Sannu, duniya." Habila ya sa ta gaishe shi da harshe na ɗaya, ya ji daɗi. Da darasi ya fara tauri, zuciyarsa ta ce, "Ka gani ko? Tarko ne." Ya koma na biyu. Haka ya yi ta yi har bakwai, wata shida suka wuce.

Ranar jarrabawa, dattijuwar da ke kula da masu jarrabawar ta ce, "Kowa ya zaɓi harshen da ya ga dama, ba ruwanmu da wanne. Ga sunayen majiyyata ɗari biyu da bayanin ciwon kowa. Ku sa kwamfuta ta jera su, mai tsananin ciwo a gaba."

Habila ya dubi allon kwamfutarsa. Ashe ba ruwansu da wanne! Ya taɓa wannan ya maƙale, ya taɓa wancan ya maƙale, gaisuwar nan kaɗai ya iya sa ta rubuta. Da lokaci ya cika, dattijuwar ta leƙa allonsa ta ce, "Ɗana, mun amsa gaisuwa. Ina aikin?"

Damaris aka ɗauka. Abin tausayi, har bakin ƙofa Habila yana gunaguni wai an ba ta satar amsa.

Ma'anar wannan misali ita ce, 'yan'uwa: harsunan nan su ne hanyoyin hidima da Ubangiji ya buɗe mana, malamin da Damaris kuwa su ne waɗanda yake aiko mana da shawara. Bincike yana da kyau, amma zargi ba hikima ba ne. Wasunmu bana suna ƙungiyar mawaƙa, baɗi suna ta matasa, daga baya su canza ikilisiya ɗungum, wai ana yi musu maƙarƙashiya. Ko'ina an san muryarsu, ba inda aka san aikinsu. Ka yi addu'a, ka nemi shawara, ka zaɓi ɗaya, ka jure sa'ad da ya yi tauri. Gama ranar tana zuwa da Maigida zai amsa gaisuwarka, sa'an nan ya tambaye ka, "Ina aikin?"